Saisaye Ko Ƙwal-Kwabo: Haɗarin Datse Kan Itace

Jama'a, kowa ya san wanzami. In ka zauna gabansa yakan tambaye ka, "Saisaye ko ƙwal-kwabo?" Duk wanda ka zaɓa ba laifi, gama gashi ba shi da wuyar tsirowa. To, itace ma akan yi masa aski. Amma shi in aka yi masa ƙwal-kwabo, watau aka datse kansa duka aka bar kututture tsaye, abin da ke biyo baya ba shi da daɗi. A wannan darasi za mu ga dalili. Za mu kuma ga abin da ya kamata mai sara ya yi in mai itace ya matsa masa.

Inda abin ya fi faruwa

Mu ɗauki Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kudu maso gabas da birnin Kano. A da ƙauyuka ne a bayan ganuwa, gonaki kewaye da su. Yau gari ya haɗiye su. An yi Ƙaramar Hukumar Tarauni a 1996, ofishinta yana Unguwa Uku. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 220,000 a cikinta. Gida ya matsi gida, wayoyin lantarki sun ratsa lunguna, motoci suna kai da kawowa a Titin Zariya da Titin Gidan Zu.

A cikin wannan matsi akwai itatuwa iri biyu. Akwai tsofaffi na gona waɗanda gini ya tarar, kamar tsamiya da kuka. Akwai kuma waɗanda aka dasa a ƙofar gida, kamar darbejiya da mangwaro. Itacen da a da yake tsakiyar fili, yau reshensa yana kan kwanon wani. Daga nan rigima take tasowa. Mu ma na ƙauye kada mu ce ba ruwanmu. Garuruwanmu suna cika, kwano yana maye gurbin jinka, waya tana isowa. Abin da ya sami Gyaɗi-Gyaɗi jiya yana tafe gare mu.

Maigida da mai gatari

Ga misali, irin abin da ke faruwa kowace shekara in bazara ta yi.

Wani maigida yana da babbar darbejiya a ƙofar zaurensa. Mahaifinsa ne ya dasa ta. Ganyenta yana toshe indararo, wani reshe kuma yana gugar kwano in iska ta taso. Sai ya kira mai saran itace, ya ce, "Malam, ka ga wannan itaciya? So nake ka datse mini ita daidai tsawon katanga. Kada ka bar ko reshe guda."

Mai sara ya kewaya ta, ya ɗaga kai ya duba, ya ƙwanƙwasa gindinta da ƙotar gatari. Ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, lafiyarta lau. Rassa uku ne ke damunka. In na cire su, na rage mata nauyi ta wajen ɗaki, buƙata ta biya."

Maigida ya ce, "Baɗi kuma in sake kiranka in sake biya? A yi mai gaba ɗaya."

Mai sara ya ce, "Alhaji, in na datse ta duka, rassan da za su fito sun fi waɗannan haɗari."

Maigida ya ce, "Itaciyarka ce ko tawa? In ba ka iyawa, masu injin zarto suna nan bakin titi."

Mai sara ya tuna da cefanen gida. Ya tuɓe riga ya hau. Kafin la'asar darbejiya ta zama gungume mai ƙahoni huɗu.

Za mu koma ga wannan labari. Amma bari mu fara sanin abin da mai sara ya hango.

Ganye shi ne madafar itace

Da yawa cikinmu muna zaton itace a ƙasa kaɗai yake cin abinci. Ba haka ba ne. Saiwa ruwa take jawowa, da gishirin ƙasa. Amma a ganye ake dafa abincin. Ganye yana haɗa ruwa da iska, hasken rana ya zama masa wuta, sai a sami wani abu mai zaƙi kamar sukari. Shi ne ke sauka ta ƙarƙashin ɓawo ya ciyar da rassa da gindi da saiwoyi. Abin da ya rage itace yakan ajiye shi a jikinsa, kamar yadda muke ajiye hatsi a rumbu.

To, in ka sare ganye duka rana ɗaya, ka rushe madafa ke nan. Itace ba shi da dabara sai ya fasa rumbu. Da wannan ajiya yake fitar da sabon tofo. In ajiyar tana da yawa ya tsira. In kuwa tsoho ne, ko fari ya taɓa shi, ko gini da siminti sun danne saiwoyinsa, ajiyar takan ƙare kafin sabon ganye ya fara aiki. Sai ka ga ya yi tofo, mutane su yi murna, bayan wata biyu tofon ya bushe, itace ya mutu a tsaye.

Ko bai mutu ba, akwai ɓarnar da ido ba ya gani. Saiwoyi suna jin yunwa, waɗansu su mutu su ruɓe. Saiwa kuwa ita ce turken itace. Wanda ya datse itace don tsoron kada ya faɗi, ya raunana turken da ke riƙe da shi.

Saboda haka masanan itatuwa suka ba da awo. Suka ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen ganye a shekara guda. In itacen tsoho ne, a rage ƙasa da haka ma.

Raunin itace ba ya warkewa kamar na mutum

In mutum ya yanke, nama yakan cika, fata ta koma. Itace ba ya haka. Wani Ba'amurke masanin daji mai suna Alex Shigo ya yi shekaru yana tsaga dubban itatuwa da zarto yana duba cikinsu. A wajen 1977 ya bayyana abin da ya gani. Ya ce naman itacen da ya ji rauni ba ya komawa lafiya har abada. Abin da itace ke yi shi ne ya gina katanga a cikin jikinsa, ya kewaye wurin da ya ɓaci don kada ruɓa ta yaɗu. Sa'an nan sabon nama ya riƙa tasowa daga gefe, sannu-sannu, har ya rufe bakin raunin.

Ku je ku duba gindin kowane reshe, inda ya haɗu da uwar itace. Za ku ga wani ɗan kumburi ya kewaye shi kamar wuyan riga. Mu kira shi wuyan reshe. A nan ne itace ya fi iya gina wannan katanga. In aka yanke reshe dab da wuyan, ba tare da an taɓa wuyan ba, rauni yakan rufe. Amma in aka datse babban reshe a tsakiyarsa, ko aka datse uwar itace kanta, babu wuya a wurin. Rauni ya yi faɗi, yana kallon sama. Ruwan damina ya kwanta a kai, ruɓa ta shiga tana gangarawa. Inda ya mutu kuma gara ta samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan 'yan shekaru waje yana da kyau, ciki kuwa kogo ne.

Akwai kuma rana. Ɓawon manyan rassa ya saba da inuwa. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai awo 40. In aka yaye masa ganye a irin wannan lokaci, ɓawo yakan ƙone ya tsage ya ɓamɓare. Wani sabon rauni ke nan.

Tofon da ke ruɗin mutane

Wani zai ce, "Ai ni na datse tawa, ga ta nan ta fi da kyau." Gaskiya ne, darbejiya tana da saurin tofo. A bakin kowane dungu za ka ga tsirrai goma ko ashirin sun fito tsaye kamar tsintsiya. Cikin damina biyu ko uku sun yi tsawo ƙwarai. Amma mu duba inda suka kafu.

Reshen asali tare ya girma da uwarsa. Kowace shekara naman uwa yana naɗe gindinsa, har ya zama kamar azara da aka binne cikin gini. Sabon tofo kuwa daga ƙarƙashin ɓawo kawai ya fito. Kamar azara ce da aka jingina a jikin bango aka shafe da laka. Ga shi yana ƙara tsawo da nauyi, ga kuma dungun da yake zaune a kai yana ruɓewa. Kun san iskar farkon damina, ta watan Mayu da Yuni, wadda ke zuwa gaban hadari tana yaye kwano. Irin waɗannan rassa take fara ɓallewa.

Ashe maigida abu uku ya nema, kuma duka uku bai samu ba. Ya nemi gajeren itace, ga shi ya koma tsawonsa cikin 'yan shekaru. Ya nemi kwanciyar rai, ga rassa marasa ƙarfi bisa ɗakinsa. Ya nemi biya sau ɗaya, ga shi tilas ya riƙa kiran mai sara a kai a kai, gama itacen da aka taɓa datsewa ba a barinsa kuma. Garin neman gira an rasa ido.

Kowane itace da halinsa

Ba duka itatuwa ke ɗaukar sara daidai ba. Wajibi ne mai gatari ya san halin kowanne.

Darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro ko maina ko bedi, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya. An fara dasa ta a Lardin Barno a 1928. Tana da jimiri, da wuya sara ɗaya ya kashe ta. Haɗarinta shi ne raunin sabon tofo da ruɓar dungu. Haka turare ma yake, har ya fi ta saurin tsawo.

Tsamiya ba ta gaggawa. In daga ƙwallo aka shuka ta, takan yi shekara bakwai ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma tana iya wuce shekara ɗari a raye. Rassanta suna da tauri, iska ba ta cika karya su ba. Saboda haka mai datse tsamiya don tsoron iska ya yi hasarar banza. Kan da ta yi shekara hamsin tana ginawa ba ya dawowa a shekara biyar. A wannan tsakani ba inuwa, ba tsamiyar kunu. Waɗansu kuma sukan sa a sare ta don tsoron abin da ake cewa yana zaune a cikinta. Mu dai abin da muka gani a gindin tsamiya shi ne dattawa a kan tabarma da yara masu tsintar 'ya'ya.

Mangwaro a bakin rassa yake huda, cikin sanyin hunturu, ya nuna da bazara. Wanda ya sare shi da kaka ya sare 'ya'yan bana. Wanda ya datse shi duka zai jira shekara biyu ko fiye. Lokacin gyaransa shi ne da an gama cire 'ya'ya.

Gawo halinsa dabam. Yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. In aka yawaita sare masa rassa don dabbobi, 'ya'yansa sukan ragu, alhali su ne abincin awaki da tumaki a lokacin da ba ciyawa. Mutanen da sun san darajarsa. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, cewa ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Kuka da maɗaci su ma suna shan sara, ita don miya, shi don shanu. Suna jurewa, amma in abin ya yi yawa 'ya'ya sukan ƙaranta.

A can arewa, cikin Hamada da ƙasashen Larabawa, akwai wani itace mai siririn ganye, mai jure gishiri da ƙishirwa. Larabawa suna kiransa athal, Turawa kuwa tamaris. Da wuya a sami itacen da ya fi shi taurin rai. An kai shi Amurka a ƙarni na 19, ya mamaye bakin koguna a yammacin ƙasar, in an sare shi sai ya sake tofowa daga gindi. Duk da haka masu lambu a Ingila ba su sararsa da ka. Akwai irinsa da ke fure a kan reshen bara. In mai lambu ya bi son maigida ya datse shi kafin ya yi fure, furen shekarar ya tafi ke nan. Kun gani, ko itace mafi jimiri yana da lokacinsa da iyakarsa.

To, manoma fa?

Wani zai ce, "Ai iyayenmu suna sarar rassa a gona tun kaka da kakanni, itatuwa ba su ƙare ba." Wannan ma gaskiya ne. Malaman Jami'ar Bayero, tare da Michael Mortimore, sun bincika gonakin da ke kewaye da Kano, suka fitar da littafi a 1990. Sun tarar manoma suna kula da itatuwan gonakinsu, suna samun makamashi daga rassa ba tare da sun kashe uwa ba.

Amma mu lura da yadda manomin kirki yake yi. Yana fara sara tun itace yana ƙarami, lokacin da reshe bai wuce kaurin hannu ba. Yana komawa wuri guda kowane karo, har wurin ya yi gaɓa mai tauri. Yana sare wani gefe bana, ya bar wani sai baɗi. Kuma in reshe ya ɓalle a gona, a kan kunya yake faɗuwa, ba a kan ɗakin yara ba.

A ƙasar Maraɗi ma, tun 1983, manoma suka kama abin da suke kira sassaben zamani. Wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana cikin waɗanda suka yaɗa shi. Maimakon a ƙone tofon kututture, sai a zaɓi tsirrai masu ƙarfi kaɗan a bari, a share ƙananan rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi. Da wannan ƙaramin gyara aka mai da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan duka ya sha bamban da a bar itace ya shekara talatin ba a taɓa shi ba, sa'an nan rana ɗaya a fille masa kai.

Yadda ake saisaye

Ga ƙa'idodi bakwai. Mu haddace su.

1. A fara da busassun rassa, da karyayyu, da masu gugar juna. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

2. Kada a wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen ganye. In aikin yana da yawa a raba shi shekara biyu ko uku.

3. In za a rage tsawon reshe, a yanke shi daidai inda wani reshe ya fita daga jikinsa. Wanda za a bari ya kai aƙalla sulusin kaurin wanda za a cire. Shi zai karɓi ragama. Kada a bar dungu tsirara.

4. Babban reshe yanka uku ake yi masa. Na fari daga ƙasa, kamar taƙi biyu daga jikin uwa, a shiga sulusinsa. Na biyu daga sama, a ɗan gaba kaɗan, har reshe ya faɗi. Na uku a cire guntun da ya rage, dab da wuyan reshe. In ba a yi haka ba, nauyin reshe yakan yage ɓawo har ƙasa.

5. A wasa kayan aiki. Zarto ya fi gatari barin rauni mai santsi. In da gatari ko adda ne, a gyara bakin raunin kada a bar shi a tattsage.

6. Kada a shafa baƙin mai ko kwalta ko fenti a kan rauni. Bincike ya nuna ba su hana ruɓa, wani lokaci ma sukan riƙe danshi. Yanka mai kyau shi ne magani.

7. A zaɓi lokaci. Bayan ɗaukewar ruwa, cikin sanyi, shi ya fi ga yawancin itatuwan inuwa. Rauni yana bushewa, rana kuma ba ta da zafi. Kafin iskar farkon damina a sake dubawa, a cire abin da ya bushe.

Abin da ke kan mai sara

Yanzu mu koma ga mai gatari. Itace na maigida ne, kuɗi ma nasa ne. Amma sani na mai sara ne, sani kuwa amana ne. Tela ba ya yanka yadi yadda zai lalace ya yi shiru don mai yadi ya ce. Magini ba ya ɗora soro a kan ruɓaɓɓiyar azara don mai gida yana sauri. Haka mai sara.

Da fari ya tambayi maigida abin da ke damunsa. Ganye ne a indararo? Duhu ne a tsakar gida? Ɓarayi ne ke hawa su tsallaka katanga? Kowanne da maganinsa, kuma da wuya maganin ya zama datse kai.

Na biyu, ya faɗi gaskiya tun bai hau ba, da ladabi, da misalin da ido zai gani. In akwai datsattsen itace a unguwar, ya kai maigida gindinsa ya nuna masa kogon da sababbin rassan. Gani ya kori ji.

Na uku, ya kawo wata hanya, ya faɗi kuɗinta. Ya ce, "Alhaji, bari in cire waɗannan bana. In damina ta wuce ba ka gamsu ba, ka kira ni." Reshen da aka bari ana iya cire shi gobe. Wanda aka cire ba ya komawa.

Na huɗu, in maigida ya kafe, kuma ba ran kowa a ciki, a yi maganar gaban shaidu biyu. In da hali a rubuta a takarda cewa an gaya masa abin da zai biyo baya. Ga amfanin karatun da muke yi. In itace ya mutu, ko reshe ya faɗi baɗi, ba a ce mai sara ne ya cuce shi ba. Sunan kirki shi ne jarin mai sana'a.

Na biyar, akwai inda tilas ya ce a'a, ko nawa za a biya. In rassa suna kusa da wayar lantarki kada ya hau. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, mutane sun mutu ta haka. Sai a sanar da kamfanin rarraba wuta, wanda a Kano da Katsina da Jigawa shi ne KEDCO, su kashe layi tukuna. In itacen na bakin titi ne, ko na makaranta, ko na kasuwa, ba na maigida ba ne ko da yana ƙofar gidansa. Sai an nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji. In kuwa a kan iyaka yake tsakanin maƙwabta, a kai magana gaban mai unguwa kafin a ɗaga gatari.

Wani lokaci maigida ne mai gaskiya

Kada mu ɗora wa masu gida laifi duka. Akwai itacen da ya zama haɗari da gaske. Ga alamunsa: ya karkata kwanan nan, ƙasa ta ɗaga ko ta tsage a gindinsa, in an ƙwanƙwasa yana amo kamar ganga, naman kaza yana fitowa a gindinsa, ko babbar tsaga ta ratsa inda rassa biyu suka rabu. Irin wannan ba a yi masa jinkiri. Amma shi ma datse kai ba ya gyara shi. In ya wuce gyara, gara a kayar da shi gaba ɗaya, da igiya, guntu-guntu, bayan an kawar da yara da dabbobi. Sa'an nan a dasa wani da damina, nesa da bango da waya, a fara gyara shi tun yana ƙarami.

Ƙarshen labari

Darbejiyar Alhaji ba ta mutu ba. Amma a bazarar farko zaure ya zama tanda. Masu zaman hira suka koma ƙofar maƙwabci. Mai sayar da ƙosai da ke zama a inuwar ta tashi. Da damina ta yi tofo, Alhaji ya ce, "Ina mai sara? Ya zo ya gani."

A shekara ta huɗu rassan sun wuce tsawon na da. Wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso. Reshe guda ya ɓalle daga dungunsa, ya faɗa kan ɗakin da ke jikin zaure, ya lotsa kwano ya karya katako. Allah ya kiyaye, yara suna makarantar allo. Da aka duba inda ya ɓalle, sai ga cikin dungun baƙi ƙirin, yana marmashewa a hannu.

Alhaji ya aika aka kira mai sara. Ya ce, "Malam, ka faɗa mini ban ji ba."

Mai sara ya ce, "Alhaji, ni ma da laifina, gama hannuna ne ya yi saran. Yanzu sai mu rage waɗannan rassa, mu bar masu ƙarfi kaɗan, mu riƙa dubawa kowace shekara. Ka kuma dasa wata can gefe, don wannan ba za ta yi tsawon ran da ya kamata ta yi ba."

Kuɗin kwano da katako da kafinta ya ninka kuɗin saisaye sau da yawa. Da na sani ƙeya ce.

To, jama'a, in mun tashi daga aji yau, kowa ya tsaya gindin itacen gidansa ya ɗaga kai. Ya nemi wuyan reshe ya taɓa shi da hannunsa. In akwai gyara, a yi shi kaɗan-kaɗan, a kan lokaci.

Tambayoyi

1. A ina itace yake dafa abincinsa?

2. Kashi nawa na ganye ya kamata a cire a shekara guda?

3. Mene ne wuyan reshe, kuma don me ba a yanke shi?

4. Don me sabon tofo ya fi reshen asali saurin ɓallewa?

5. Yaushe ake gyaran mangwaro?

6. Faɗi wurare uku da ya kamata mai sara ya ƙi hawa.

7. Rubuta gajeriyar takarda, layi huɗu, irin wadda mai sara da maigida za su sa wa hannu gaban shaidu.